Jawabi ga Matan Jam'iyya: Abin da Yaranmu Ke Ɓoyewa

Iyayena, yayyena da ƙannena na Alelu, Jega, Aliero da Maiyama.

Yau ba maganar zaɓe ce ta kawo ni ba, maganar 'ya'yanmu ce masu tasowa.

Yarinya ta daina cin abinci, ta shige ɗaki, ta ce "gara in mutu in huta". Sai mu ce iskoki ne, ko mu zage ta, ko mu kai labarin gidan biki. Wallahi tsoron bakinmu ke sa su yin shiru.

Ƙafa in ta karye, daga nesa ake zuwa Aliero wurin masu ɗori. To ciwon damuwa ma yana da likitocinsa, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta ba mara lafiya haƙƙin a rufa masa asiri.

Ki zaunar da ita, daga ke sai ita, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta jawo abin. In ta amsa, kada a bar ta ita kaɗai, a kulle maganin feshin gona. A yi addu'a, a kuma kai ta babban asibitin Jega a ranar.

Don Allah, kada a sa sunan ɗan kowa a wannan zaure.