Goge Jarfa da Hasken Lesa da Abin da Yake Haifarwa a Fata

Jarfa, wato zanen da ake yi ta hanyar cusa tawada cikin fata da allura ko aska, wanda matasan birane suke kira tatu, tana dawwama ne saboda wurin da tawadar take zama. Fata hawa biyu ce: akwai ta sama wadda take saɓewa tana sabuntawa cikin 'yan makonni, akwai kuma ta ƙasa mai kauri wadda ba ta saɓewa, kuma a cikinta ne tawada take samun mazauni. Da zarar ta shiga, sai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj, waɗanda aikinsu shi ne haɗiye duk wani baƙon abu, su haɗiye ta, amma su kasa narkar da ita. Wani bincike da aka yi kan ɓeraye a Marsel ta ƙasar Faransa, aka buga a 2018, ya nuna cewa idan waɗannan ƙwayoyi suka mutu suka saki tawadar, sababbi ne suke zuwa su sake haɗiye ta a gurbinta, shi ya sa zanen yake nan daram shekara da shekaru.

Tun a shekarun 1960 likitan fata Leon Goldman ya gwada hasken lesa a kan jarfa a birnin Sinsinati na Amurka, sai dai tushen ilimin da ake aiki da shi yau ya kafu ne a 1983, lokacin da Rox Anderson da John Parrish na Jami'ar Harvard suka bayyana cewa ana iya lalata abu mai launi a cikin fata ba tare da an ƙona naman da yake kewaye da shi ba, muddin aka zaɓi hasken da abin yake zuƙa, aka kuma harba shi cikin ɗan lokacin da zafi ba zai samu damar bazuwa ba. Na'urorin da aka fi amfani da su suna harbi ne cikin 'yan kashi kaɗan daga biliyan na daƙiƙa, kuma tun daga 2012 aka fara samun waɗanda suka fi su sauri. Ya kamata a fahimci cewa hasken ba ya share komai; farfasa ƙwayoyin tawada yake yi su zama gari, sannan jiki ya kwashe garin sannu a hankali zuwa kaluluwa. Wannan ne dalilin da ya sa ake barin mako 6 zuwa 8 tsakanin zama da zama, ya kuma sa aikin yake cin watanni da dama, wani lokaci fiye da shekara.

Abin da ake gani nan take sananne ne: wurin yakan yi fari fat na 'yan mintuna saboda iskar da zafi ya tara a cikin fata, sannan kumburi da raɗaɗi su biyo baya, wani lokaci har da bororo da ɓawo, waɗanda suke warkewa idan ba a sosa su ba.

Inda batun ya fi nauyi, kuma inda ya kamata mai baƙar fata ya tsaya ya yi nazari, shi ne sinadarin melanin da yake ba fata launinta. Melanin ma yana zuƙar haske, don haka a jikin baƙar fata yana gogayya da tawada wajen karɓar harbin, kuma sakamakon hakan iri biyu ne: ko ƙwayoyin da suke samar da launi su lalace wurin ya koma fari, wanda wani lokaci ba ya komawa yadda yake, ko kuma su harzuƙa su ƙara aiki wurin ya yi baƙi ƙirin fiye da sauran jiki. Ana auna haske da tsawon zangonsa, da ma'aunin nanomita, kuma melanin ya fi zuƙar gajeren zango, kamar 532 da 694, alhali mai tsawon 1064 yana ratsa fatar sama ya kai ga tawada da ƙarancin ɓarna. Saboda haka shi ne zaɓin likitoci ga baƙar fata, kuma an yi sa'a shi ne ya fi dacewa da baƙar tawada. Matsalar tana ga jan launi, wanda yake buƙatar 532, da kore wanda yake buƙatar 694 ko 755, ga kuma rawaya da take da wuyar fita ga kowa. Abin damuwa ne ƙwarai a ga na'ura mai irin wannan haɗari a hannun mai shagon kwalliya wanda bai san wannan bambanci ba, musamman ga mutumin da jikinsa yake yin tabo mai tudu, wato keloyid, wanda ya fi yawa a tsakanin baƙar fata.

Jarfar gargajiya da wanzamai suke yi da baƙin tukunya ko garin gawayi takan fita da sauƙi fiye da ta injin zamani, domin launinta ɗaya ne kuma tawadarta ba ta da yawa, amma tsagar gado tabon yanka ce, saboda haka ko baƙin da aka shafa mata ya dusashe, shatin askar yana nan.

Akwai kuma wata fitina a tawadar kwalliya mai launin fata ko fari ko ruwan ƙasa, irin wadda ake zana gira da gefen leɓe da ita, domin sau da yawa tana ɗauke da sinadarin tsatsar ƙarfe ko na titaniyam, waɗanda harbin lesa yake sauya su nan take su koma baƙi ko toka-toka. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙwararren likitan fata yake fara gwaji a ɗan ƙaramin wuri ɓoyayye, ya jira makonni ya ga yadda launin wurin zai zauna, ya kuma tambayi mai jarfar ko yana shafa man bilicin ko ya taɓa yin keloyid, kafin ya taɓa sauran zanen.