Hasken da ke tona asirin ɗanyen fenti



Duk wanda ya bi titin Jamaica Avenue a nan Queens ya ga shagunan gyaran farce, inda mace ke cusa hannu cikin 'yar fitila mai shuɗin haske, kafin minti biyu fentin ya sandare. To, wannan ba bushewa ba ce irin ta shanya. A cikin ruwan fentin akwai ƙananan ƙwayoyin akirilet da wani sinadari mai jiran haske. Da hasken ya taɓa shi, sai ƙwayoyin su yi ta sarƙewa da juna har su zama roba mai tauri. Haka ake yi wa katakon daɓe da tawadar kwalin abinci da cikon haƙori.

Matsalar ita ce ido ba ya gane ko aikin ya kammala. Sama kan yi tauri, ciki na nan ɗanye, kamar ƙosan da wuta ta yi wa yawa. Ɗanyen nan kuwa shi ke jawo wa mata borin fata, kuma wanda jikinsa ya taɓa ƙin akirilet, yana iya sake shan wahala ranar da likitan haƙori zai yi masa ciko.

Dabarar ita ce a zuba ɗan rini ƙalilan mai ƙyalli, wato mai shan haske ya mayar da wani launi, abin da George Stokes ya raɗa wa suna a 1852. Muddin fentin na ruwa-ruwa, ƙwayar rinin tana juyi yadda ta ga dama, ƙarfinta ya tafi a zafi. Da wuri ya matse ta, babu filin juyi, sai ƙyallin ya ƙaru, ko launinsa ya karkata zuwa shuɗi. Rafik Loutfy ya nuna haka a Kanada a 1981, daga baya Douglas Neckers da abokan aikinsa a jami'ar Bowling Green ta Ohayo suka faɗaɗa shi. Hikimarsu ta burge ni: a auna ƙyallin a launi biyu a kwatanta, ta yadda kaurin fentin ba zai rikita lissafi ba.

Ba a taɓa kayan, ba a tsayar da injin. Sai dai fa rinin kan koɗe in haske ya yi yawa, kuma dole a fara daidaita awon da wata na'urar.

Ku 'yan kimiyyar sinadarai na kwalejin York, kayan aikin fitilar LED ce da zaren gilashi da ƙaramar na'urar awon launi. Duka za su shiga jakar mai komawa Kano ko Zariya.