Kada Jariri Ya Mantar da Mu Wanda Aka Sauke Daga Baya: Jawabin Uwar Ƙungiya a Taron Zagayowar Shekara

 

Shugabar ƙungiya, sakatariya, ma'aji, iyayenmu mata, 'yan'uwana mambobi, da mazajenmu da suka daure suka zo, ina yi muku barka da wannan rana. Ma'aji ta karanto mana lissafin kuɗi, Allah Ya ƙara albarka. Ni kuma lissafin da zan yi na yara ne, domin bana mun sha suna, masha Allah. Kusan duk gidan da muka kai gudunmawar barka, akwai wani ɗan ƙaramin yaro a raɓe bakin ƙofa yana kallonmu, ba wadda ta ce masa ci kanka. Maganarsa na kawo muku yau.

Jiya shi ne auta, bayan uwa nasa, nono nasa. Yau an wayi gari mutane sun cika gida, kowa jariri yake nema, shi kuwa sai "matsa can, kar ka danne shi." Daga nan sai ku ga yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, wanda yake cin tuwo da kansa ya ce sai an ba shi a baki, wani ma ya faki ido ya mintsini jaririn. Mu kuma mu ce ya lalace da rigima, mu ɗauki tsumagiya. To wallahi ba iskanci ba ne. Tambaya yake yi da irin bakin da yake da shi: har yanzu ana so na?

Kuma abin bai tsaya ga kishi ba, yana taɓa lafiyarsa. Ciwon nan na tamowa mai kumbura ƙafa da fuska, gashi ya yi ja ya yi laushi, likitocin duniya suna kiransa kwashoko. Kalmar daga harshen Ga na ƙasar Gana ta fito, ma'anarta ciwon da babba ke kamuwa da shi idan an yi masa ƙani. Wata likita mai suna Cicely Williams ce ta shigar da sunan cikin littattafan likitanci a 1935. Kun ga ke nan matan Gana sun riga likitoci gane inda matsalar take. Mu ma mun san ta: an yi kwanika, an yaye yaro da gaggawa, an miƙa shi wurin kaka da kunu zalla. Duk wadda ta taɓa leƙa wuraren da ake raba abincin tamowa a nan Jibiya ta ga irin yaran da nake faɗi.

Mu mutanen bakin iyaka abin ya fi matse mu. An rufe boda a Agustan 2019, tamu ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris ɗin 2024 aka buɗe. Da yawanmu uwa tana Ɗan Isa ko Maraɗi, ɗiya tana aure a Magama. A da, ana haihuwa kaka za ta tsallako ta zauna har arba'in, ta yi wankan jego, ta riƙe manyan yara. Da hanya ta toshe, kasuwa ta mutu, ga rashin tsaro a ƙauyuka, mai jego nawa ce ta yi arba'in ita kaɗai da yara uku a kanta? Wannan giɓin, idan ba mu cike shi ba, wa zai cike?

Ga abin da nake roƙonku.

Na farko, a shirya yaro tun ciki. A gaya masa ƙaninsa na tafe. Idan za a raba masa shimfiɗa ko a yaye shi, a yi a hankali tun da sauran watanni, kada ranar da jariri ya zo ta zama ranar da ya rasa komai. Bayan haihuwa, ko minti goma ne a rana, ki ajiye jariri ki ɗora shi a cinya. Ki sa shi miƙo miki zane, ki yaba masa, ki kira shi Yaya. Amma fa kada a bar ɗan shekara biyu shi kaɗai da jariri.

Na biyu, kwanonsa. Jariri nono kaɗai ya ishe shi har wata 6, ko ruwa ba ya bukata, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. Wanda aka yaye shi ne mai bukatar ido. A ware masa kwanonsa daban, don in aka haɗa shi da manya ba zai samu ba. A zuba masa garin ƙuli-ƙuli ko waken suya a kunu, a ba shi wake, zogale, ƙwai in an samu. Ranar da za ki kai jariri rigakafi, ki ɗauki katin yayansa ma, a duba ko ya cika allurar ƙyanda, a auna damtsensa.

Na uku, babbar ɗiya. Ita ce muke cire wa rigar makaranta mu ɗaura mata zanen goyo. Sati biyu ya zama zango, zango ya zama shekara, shi ke nan karatu ya tafi. Ta taimaka bayan ta dawo, amma raino ba aikinta ba ne.

Mazajenmu, ku ma da naku. Ragon suna ba shi ne ƙarshen aiki ba. In ka shigo da tsaraba, fara da manyan. Ka ɗauki yaron nan ka fita da shi ƙofar gida. Malamai sun karantar da mu yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida ga kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi wa ɗa ɗaya ban da sauran. Kuma ku zauna da matanku a kan tazara: likitoci na ba da shawarar a samu aƙalla shekara 2 tsakanin haihuwa da wani ciki, daidai da tsawon shayarwar da addini ya ambata.

Daga ƙarshe ina gabatar da shawara a tattauna a zama na gaba. Duk mambar da ta haihu, a ɗage mata zubin adashi har ta yi arba'in, ba tare da tara ba. Cikin kayan barka a sa kwano guda na wake ko gyaɗa da sunan yayan jariri. Sannan mata biyu na unguwarta su riƙa leƙa ta bi da bi, su ga yaran sun ci, ɗiyar ta tafi makaranta. Ɗa na kowa ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya haɗa kansu, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba mu zaman lafiya a Jibiya da maƙwabtanmu na Nijar. Allah Ya maimaita mana baɗi. Wassalamu alaikum.