Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Gadon Asibiti

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



An ɗora mini nauyin yin magana a kan abubuwa biyu waɗanda a ido ba su da dangantaka, watau ci gaban da aka samu wajen maganin sankarar mama, da sababbin sinadaran da ake ƙera kayan lantarki da su. To, amma a ɗakin gwaji abubuwan nan biyu sun daɗe da haɗuwa.

A shekarar 1965 wani masani mai suna Barnett Rosenberg, a wata jami'a ta Jihar Mishigan a Amurka, ya ba da labarin gwajin da ya yi don ganin abin da wutar lantarki ke yi wa ƙwayoyin cuta. Ya tsoma sandunan ƙarfen filatinam cikin ruwan da ƙwayoyin suke, sai ya ga sun daina rabuwa, suna ta tsawo kawai. Ashe ba wutar ce ta hana su ba, wani sinadari ne da ƙarfen ya haifar cikin ruwan. Da yake sankara ba komai ba ce illa ƙwayoyin jiki masu rabuwa ba ƙaƙƙautawa, sai aka gwada sinadarin a kanta. Shi ne ya zama maganin cisplatin a 1978. Ɗan'uwansa carboplatin kuwa yau ana ba da shi ga wani nau'in sankarar mama mai wuyar sha'ani.

Daga nan bincike bai tsaya ba. A 1976 Dakta Gianni Bonadonna na birnin Milan a Italiya ya nuna cewa haɗa magunguna 3 bayan tiyata yana rage dawowar ciwon. A 1994 aka amince da Taxol, wanda asalinsa daga ɓawon wata bishiya aka samo shi. A 1998 Herceptin ya fito saboda nau'in da ake kira HER2, mai saurin yaɗuwa. A 2019 aka sami Enhertu, wanda ke ɗaukar maganin kamar ɗan aike ya kai shi ga ƙwayar sankarar kanta. Wani bincike kuma da aka bayyana a 2018, a kan mata wajen 10,000, ya nuna cewa da yawa daga waɗanda aka gano ciwonsu da wuri ba sa ma bukatar maganin nan mai ƙarfi da ke zubar da gashi.

Ku lura da kalmar "da wuri", domin a nan ne kayan lantarki suka sake shigowa. A da, hoton mama a kan fim ake wanke shi. Tun shekarar 2000 aka fara amfani da na'urar da ke da faranti na silikon ko seleniyam, mai mayar da hasken hoto saƙon lantarki, ya fito a kwamfuta, a ƙara masa girma, ko a aika wa ƙwararre a wani gari. Haka nan a 2004 masana biyu a Jami'ar Manchesta ta Ingila suka ware sinadarin girafin, wanda kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ne, suka ci kyautar Nobel a 2010. Ana gwada shi wajen ƙera na'urorin gano alamun ciwo cikin jini, kodayake aikin bai bar ɗakin gwaji ba tukuna.

Jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da ciwon nan, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 suna kai shekara 5 da rai bayan gano shi. A Nijeriya kuwa shi ne sankarar da ta fi kama mata, kuma akasarinsu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki, saboda kunya, da tsoron tiyata, da rashin kuɗi. Magani komai kyansa ba ya aiki yadda ya kamata ga wadda ta makara.

Don haka ina da roƙo biyu. Na farko, kowannenmu ya gaya wa matarsa, da mahaifiyarsa, da ƙannensa mata cewa ƙullutu a mama, ko da ba ya ciwo, a kai shi ga likita cikin makon nan, kuma idan an fara magani a daure a kai ƙarshe. Maza, mu ne masu ba da izini da kuɗin mota, kada mu zama sanadin jinkiri. Na biyu, ƙungiyarmu ta sa gyaran ɗakin gwajin makarantar nan cikin ayyukanta na bana, domin duk abin da na lissafa a irin wannan ɗaki ya faro.