Tsabtar Lungunan Jikin Mota

Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Gagarawa, Ƙasar Gumel



Maganar da aka umurce ni in yi muku yau ƙanƙanuwa ce a ido, watau yadda za a wanke, a goge, a kuma kiyaye ƙananan lunguna na jikin mota, inda tafin hannu ba ya shiga. Dalilin da ya sa aka ga ta isa a tara manya saboda ita shi ne, mota daga lungu ta ke fara ruɓewa, tun tsakiyar ƙofa da saman bonet su na ƙyalli. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ku ne ku ka fi kowa sanin doki. Shamakin kirki ba ya wadatuwa da ganin gashin doki ya na sheƙi, sai ya ɗaga kofato ya duba, ya taɓa inda sirdi ya zauna da inda majayi ya ɗaure, gama nan ne miki ya kan ɓuya. To, yau yawancin rangadi a mota a ke yinsa, ko sasanta manoma da makiyaya ne, ko duba aikin rigakafi a ƙauyuka. Motar nan, ko ta ofis ce ko Hakimi ya saya da kuɗinsa, idan ta kwanta aikin talakawa ne ya kwanta. Saboda haka ta cancanci irin duban da a ke yi wa doki.

Abin da ke cin mota a ƙasarmu

Na fari ƙura da rairayi. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ta kan ɗauko ƙura tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ta haɗu da rairayin jigawarmu. Ƙwayar rairayi ta fi fenti tauri, har ma ta fi gilashi, shi ya sa ku ke ganin zanen waifa a gilashin gaba na tsofaffin motoci. Direban da ya ke kakkaɓe ƙura da busasshen tsumma kowace safiya, kankare fentin ya ke yi bai sani ba.

Na biyu laka. Da damina ta kan maƙale a bakin ƙarfen da ke saman taya da ƙarƙashin ƙofofi. Bayanta ya bushe, cikinta kuwa da laima har kwanaki, ga shi ƙarfe in ya daɗe da ruwa da iska sai tsatsa. Wadda ta fi muni ita ce lakar kara, irin wadda mota ke kwasowa ran Alhamis a kasuwar Maigatari, domin fitsari da kashin dabbobi su na da gishiri, gishiri kuwa ya na gaggauta tsatsa.

Na uku inuwar itace. Mu kan ajiye mota a gindin darbejiya don gudun rana, sai ganye da 'ya'ya su taru a kwarin da ke ƙarƙashin waifa, su toshe hanyar ruwa. Kashin tsuntsu kuma in ya kwana biyu a kan fenti mai zafi ya kan bar tabon da wanki ba ya fitarwa.

Fenti ba shi da kauri

Wajibi ne direba ya san abin da ya ke gogewa. A Amurka, kafin 1924, fentin mota ya kan ɗauki makonni bai gama bushewa ba, sai kamfanin DuPont ya fito da wani mai saurin bushewa mai suna Duco. Irin fentin dā, launi da ƙyalli a haɗe su ke. Amma tun daga shekarun 1980 yawancin masana'antu su kan shafa share fage, su shafa launi, kana su rufe da wani fenti garau mai kama da gilashi. Duka hawa-hawan nan in an haɗa, kaurinsu kamar na takardar rubutu guda ne, na saman kuwa bai kai rabin haka ba. A baki-baki da kusurwoyi ya fi ko'ina rashin kauri.

Abin lura a nan shi ne, man goge mota ci ya ke yi. Ya na kankare ɗan abu daga fentin sama har zane ya baje, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Kakin mota kuma rufi ne, a kan yi mai kyansa da kakin ganyen wani itace na ƙasar Barazil, shi ba ya cin kome. Kada a haɗa su a ce duk ɗaya ne. In a na so a san irin fentin da ke jikin mota, a ɗiga man goge a farin ƙyalle a murza wani ɓoyayyen wuri. In launi ya fito a ƙyallen, fentin hawa ɗaya ne, ko kuwa na saman ya riga ya cinye, sai a ƙara sassauta hannu.

Kayan aiki

Ba su da tsada. Bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya. Sabulun wanke mota. Tsohon burushin haƙori mai laushi, da ƙaramin burushin fenti wanda aka naɗe bakin ƙarfensa da salatif. Auduga da 'yan tsinkaye, da gashin kaza. Ƙyalle mai laushi guda uku, kowane da aikinsa. Salatif na takarda.

Yadda za a bi

1. A yi aikin da sassafe ko a inuwa, jikin mota da sanyi. A fara kwara ruwa daga sama zuwa ƙasa, rairayi ya tafi tukuna kafin hannu ya taɓa.

2. A bi lunguna da burushi da ruwan sabulu: kewayen tambari da haruffan sunan mota, ragar gaba, gindin madubi, bakin fitilu, bayan lamba, cikin murfin tankin mai, da tsagin da ke tsakanin bamba da bodi. A riƙa ɗauraye burushin a bokiti na biyu.

3. A buɗe ƙofofi da but, a wanke bakinsu da gefen roba. A ƙarƙashin kowace ƙofa akwai 'yan ƙananan huji, su ne indararonta. Kowa ya san abin da ke samun soro in indararo ya toshe. A zura gashin kaza a buɗe su, kada a sa ƙusa.

4. A sa yatsa a bi bakin ƙarfen saman taya ta ciki, a fid da lakar da ta daskare. Ƙyallen da ya taɓa nan kada ya hau bodi.

5. A tsane ruwa sarai. Ruwan rijiya da na burtsatse in ya bushe da kansa ya kan bar farin tabo.

6. Sa'an nan a zo ga gogewa. A rufe roba da baƙin filastik da salatif, don man goge ya kan bar musu fari. A ɗiga man kamar ƙwayar wake a ƙyallen da aka naɗa a yatsa ko a auduga bisa tsinke, a murza a hankali. Kwarin da ke bayan mariƙin ƙofa shi ya fi bukata, gama farce da zobe su na zane shi kullum. In an shafa farce a kan zane ya maƙale, ya yi zurfi, gogewa ba za ta fid da shi ba. A ɗiga masa fenti tun tsatsa ba ta shiga ba.

7. A ƙarshe a shafa kaki kaɗan, a bari ya sha iska, a share. Wanda ya maƙale a tsagi a fid da shi da burushi.

Wankin lunguna kowane mako ne, da kuma duk ranar da aka dawo daga laka. Kaki kamar kowane wata uku, musamman gab da hunturu da gab da damina. Man goge kuwa sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, ko da hawan Salla ya matso.

Abubuwan da za a hana

A hana sosan ƙarfe da toka da yashi, na tukunya ne. A hana garin sabulun wanki, ya na wanke kaki ya bar fenti tsirara. A hana shafa baƙin mai a taya da roba don su yi ƙyalli, ya na lalata roba ya na kuma kama ƙura. Kananzir ya na fid da kwalta, amma a wurin kwaltar kaɗai za a sa, a bi da sabulu nan take. Injin gogewa kuma kada a bari wanda bai ƙware ba ya kai shi kusurwa, domin cikin ƙiftawar ido ya kan cinye fenti har ƙarfe.

Aikin Malamin Hakimi

Malamai, ga naku rabon. A cikin littafin da ku ke rubuta mai da tafiye-tafiyen mota, ku ware shafi guda. Farkon kowane wata ku zagaya motar tare da direba, ku duba wuraren nan da aka ambata, ku rubuta ranar da aka sa kaki da duk inda fenti ya ɓalle ko ya yi ƙuraje. Ƙurajen fenti alama ce tsatsa ta na ci ta ƙarƙashi, ran da aka gani ran nan za a gaya wa Hakimi. Ɗigon fenti a yau ya fi yankan ƙarfe da walda a wurin mai gyaran bodi baɗi.

Ranku ya daɗe, ina roƙonku kada ku auna direba da ƙyallin bonet. Ku ce ya buɗe ƙofa, ku dubi ƙarƙashinta, a nan za ku san ko ya riƙe amanar da aka ba shi. Wanda ku ka samu ya riƙe, ku yaba masa a gaban jama'a, sauran za su yi koyi.