Ta Buɗe a Wayarsa, Ta Ƙi a Tawa

Jama'a masu sauraro, mutanen Shanga, Yawuri, Ngaski da Wara, da 'yan'uwanmu na tungayen bakin ruwan Kainji, yau zancenmu na waya ne, kan wani ruɗani da ke jawo wa mutane asara ba gaira ba dalili.

Ka ga manhaja a wayar abokinka ta burge ka, ka ce ya turo maka ta Xender. Ta shigo lafiya, ka danna, waya ta ƙi karɓa. Wani ya ce sabis ne, wani ya ce wayar ta kamu da cuta, a kai wa mai gyara ya wanke ta. A biya kuɗi, a goge hotunan biki da lambobin dillalan kifi da albasa da aka yi shekaru ana tarawa, a dawo gida manhajar nan ta sake ƙi. Wayar lafiyarta ƙalau tun farko.

Kowace waya tana da tsarin da take tafiya a kansa. Manyan wayoyin Tecno, Infinix, Itel da Samsung suna kan Android na kamfanin Google, iPhone kuma tana kan iOS na Apple. Fayil ɗin manhaja da ake turawa ta Xender, mai suna APK, na Android ne kaɗai. Masu jirgin ruwa sun san farfelar injin Yamaha ba ta hawa kowane inji, ko da sabuwa ce fil. Sannan shi kansa Android hawa-hawa ne. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba, kamar yadda ya bar BlackBerry a ƙarshen 2017. Babu mai gyaran da zai iya dawo da shi.

Masana sun daɗe suna neman abin da za a rubuta sau ɗaya ya yi aiki ko'ina. Alkawarin da kamfanin Sun ya zo da shi ke nan da Java a 1995. Amma wanda ya riƙe Nokia a zamanin manhajar hira ta 2go zai tuna wasan Java da ke cika allon wata waya, a wata kuma rabinsa ya ɓace. Sai Flash, wanda a da sai ka girka shi kafin bidiyo ko wasa ya motsa a shafin intanet. Apple ya hana shi shiga iPhone, har Steve Jobs ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Afrilu na 2010 yana kukan cin batir da raunin tsaronsa. Kamfanin Adobe, mai Flash ɗin, ya rufe babinsa ranar 31 ga Disamba, 2020. Silverlight na Microsoft ya bi sahu a 2021. Wanda ya gaje su shi ne HTML5, da aka kammala ƙa'idarsa a 2014, shi kuma yana cikin burauzar da kake buɗe shafi da ita, ba ka buƙatar ƙarin komai. Saboda haka, don Allah, duk shafin da ya ce maka yau sai ka sauke Flash Player kafin ka kalli bidiyo, tarko ne. Rufe shi.

To amma burauza ma ba ɗaya ba ce, kuma nan ɗalibanmu suka fi shan wahala. Opera Mini abin so ne a inda sabis ke da rauni, domin shafin da ka nema yakan fara biyawa ta kwamfutocin kamfanin, su matse shi, su turo maka shi da data kaɗan. Wajen matsewar ne wasu sassan da ke motsi suke mutuwa. Yarinya ta cika fom ɗin makaranta tun daga suna har ƙasa, ta zo zaɓen ƙaramar hukuma, jerin ya ƙi saukowa, ko maɓallin turawa ya ƙi dannuwa. Kafin ta hau mota zuwa Yelwa neman shagon kwamfuta, ta gwada Chrome ko Firefox a wayar nan tata. Sau da yawa shi ke nan.

Ina da ƙorafi a kan masu tsara waɗannan shafuka. Suna gwaji da sabuwar waya a birni, su rubuta cewa yana aiki a kowace na'ura, alhali masuncin da ke tunga ƙaramar waya mai maɓalli ce a aljihunsa. Abin da ke isa gare shi shi ne lambobin dannawa irin *346# na duba lambar NIN, don suna bin layin waya ne, ba ruwansu da data ko irin waya. Hukumar da ke son talaka ya amfana ta buɗe masa irin wannan ƙofa.

Kai kuma mai shirin sayen waya ta hannu, kafin ka miƙa kuɗi, shiga saitin, ka gangara wajen bayanin waya, ka duba lambar Android ɗinta. Ka sa mai sayarwa ya sauke manhajar bankinka daga Play Store a gabanka, ya buɗe ta ka gani. In ta ƙi sauka a shago, a gida ma ba za ta sauka ba.