JARI DABAM, RIBA DABAM
Jawabi Ga Masu Ƙananan Sana'o'i A Garin Gombe

Gombe gari ne wanda ciniki ya raya. Tun daga shekarar 1919 da aka komo da hedkwatar masarauta nan, fatake ke sauke kaya daga Bauchi da Yola da Biu. Auduga ta ƙara jawo mutane, jirgin ƙasa ya biyo baya, sa'an nan a 1996 garin ya zama babban birnin jiha. Saboda haka mai son kafa sana'a a Gombe ba ya rasa masu saye. Abin da ya fi karya ƙananan 'yan kasuwa shi ne cin jari, suna tsammani riba suke ci.

Misali, mutum ya sari buhun wake goma a Tudun Hatsi da kaka, ya ajiye, ya sayar da bazara da ƙarin kuɗi mai kauri. Sai ya ƙidaya Naira ya ce ya ci riba. Ya yi ɗinki, ya yi gudummawar biki. Da ya komo sari sai ya tarar kuɗin hannunsa buhu takwas kaɗai za su saya. To, wannan mutum buhu biyu ya cinye daga jarinsa, ko da yake Nairar da ke aljihunsa ta fi ta bara yawa. Haka ta faru ga jama'a da dama bayan janye tallafin man fetur a 2023, lokacin da tsadar kaya ta yi ta hawa har ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Lalle ne ɗan kasuwa ya auna jarinsa da kaya, watau buhu ko jarka ko turmin atamfa. Sai ya mayar da abin da ya sayar cikin shago tukuna, ya fid da kuɗin mota da dako da haya, abin da ya saura shi ne riba.

Kuma farashi ba kullum yake hawa ba. A 2025 masara ta faɗi ƙwarai, waɗanda suka zuba dukan abin da suka mallaka a ajiya suka ji jiki, balle wanda da kuɗin aro ya saya.

Maganin wannan duka ba ya wuce littafi da alƙalami. Kowace yamma a rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da sunan wanda ya karɓi bashi. Ko da ajami ne, ya wadatar. Kamata ya yi mai sana'a ya yanka wa kansa albashi, kamar yadda yake yanka wa yaron shago, cefanen gida ya fito daga nan. Batun bashi kuwa yana da wuya, domin a garin da kowa ya san kowa ba a iya kallon idon suruki ko maƙwabci a ce babu. Duk da haka wajibi ne a sa iyaka, a kuma faɗi ranar biya tun kafin kaya su bar shago.

Idan sana'a ta tsaya da ƙafarta, sai a yi wa sunanta rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, wadda aka kafa a 1990. Da takardarta ake buɗe asusun banki da sunan sana'ar, kuɗin ciniki su rabu da na gida. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya tak ya kafa ƙaramin kamfani. Mai matsar man gyaɗa ko ɗura ruwan leda yana bukatar lambar NAFDAC. Hukumar SMEDAN, wadda aka kafa a 2003, tana ba da horo da shawara.

Rance shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Adashi ya ishi mai fara sana'a. Wanda ya kai ga neman kuɗin injin casar shinkafa ko na niƙa, ya nufi Bankin Masana'antu ko Bankin Manoma da kansa, ba ta hannun ɗan tsakani mai neman na goro ba. Ya riƙe littafinsa na shekara guda, domin shi ma'aikacin banki zai fara tambaya.